Targaɗen idon sawu: in kai wa mai ɗori?

Tambaya: Na yi targaɗe a filin ƙwallo, ƙafar ta kumbura. In je a ja mini?

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah kada a ja, kada a gasa da ruwan zafi yanzu. Jijiyoyin da ke riƙe gaɓar ne suka ji rauni, murza kuwa kumburi take ƙarawa. Kwana 2 na farko naɗe ƙanƙara a tsumma, ka ɗora minti 15 duk bayan awa 3, ka ɗaura bandeji, ƙafar bisa filo. In taku 4 ya gagare ka, je asibiti a ɗauki hoton ƙashi. Da zafi ya lafa, fara juya ƙafar, sannan tsayuwa da ita kaɗai daƙiƙa 30, kana dafe da bango. Wannan atisayen ke rage sake targaɗewa.