Sunayen Abinci a Wasan Cike Gurbin Kalmomi

Gabatarwa

A wannan ɗan nazari zan nuna wa 'yan'uwana ɗalibai yadda sunayen abincinmu suka dace da wasan cike gurbin kalmomi, wato wasan da ake zana akwatuna, a ba da manuniya, mai karatu ya cike su da haruffa. An fara buga shi a jaridar New York World ta Amurka a 1913, jaridar The Times ta Ingila kuwa ta soma nata a 1930. Turawan Ingila sun ƙware wajen lulluɓe manuniya, har ma sukan gina wasa guda a kan abincin gidajen shaƙatawarsu, kamar wanda suke kira "kwaɗo a rami", alhali nama ne da aka gasa cikin ƙullun fulawa. Na zaɓo hanyoyi uku da mu ma za mu iya bi.

Ta farko: kalma ɗaya, ma'ana biyu

Rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka kalmomi biyu kan zo da kama ɗaya. Misali: "Jimeta ma shi ne, kuma da shi ake tuƙa tuwo." Amsar ita ce gari. Na mazauni gajeren wasali ke gare shi a gaɓar farko, na tuwo kuwa dogo. Haka kuka take, ta miya da na jariri, haka kilishi, na ci da na shimfiɗa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya bambanta irin waɗannan.

Ta biyu: juya gaɓoɓi

Masa in an juya ta sai ta koma sama, wake ya zama kewa. Wadda ta fi burge ni ita ce: "In ta juya sai ta yi yami." Miya ke nan, domin ma'anar ta hau ta fuska biyu.

Ta uku: sunan da ke ɓad da sawu

"Giwa ne, ba haure, gidansa Binuwai." Wanda ya saba da masu kifi a kasuwar Jimeta zai ce giwan ruwa.

Abin lura

Ƙ da ɗ da ɓ kowanne harafi ne mai cin gashin kansa. Wanda ya rubuta ƙosai da k ya ɓata kalmar da ta ratsa ta. Sannan a nan Yola a kula da Fulatanci: gaari kunu ne, kuma su sukan ninka dogon wasali a rubuce, saboda haka akwati biyar zai ci.

Kammalawa

Ina ganin duk wanda ya tsara manuniya goma irin waɗannan, karin sauti ba zai ƙara ba shi tsoro a jarrabawa ba. Ga ta gwaji: "Ana soya ta, launi ce, kuma ita ce kishiyar gamawa." Haruffa huɗu ne. A miƙa amsa ga edita kafin fitowa ta gaba.