Amsoshin Tambayoyinku: Maganin Rage Kitsen Jini ga Dattawa

Wani mai sauraronmu a unguwar Al-Naseem da ke Riyad yana tambaya ko ƙwayar atorvastatin da aka rubuta wa mahaifinsa, mai shekara 76, za ta kare shi daga ruɗewar tsufa. To ɗan'uwa, amfaninta ga zuciya ba shakka a kansa. Nazarin gwaje-gwaje 28 da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna irin waɗannan magunguna na rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, musamman ga wanda ciwon ya taɓa kamawa.

Batun ƙwaƙwalwa kuwa, da sauran rina a kaba. Gwajin PROSPER na 2002 bai ga 'yar'uwarta pravastatin ta ƙara wa dattawa kaifin tunani ko ta rage ba. Don ƙara bincika wannan batu, an ƙaddamar da gwajin PREVENTABLE a Amurka kan masu shekara 75 zuwa sama. Wasu kuma za su ce ai atorvastatin tana kawo ciwon jiki. Yakan faru, amma bincike ya nuna yawancinsa ba daga ƙwayar yake ba. Kada Baba ya ajiye ta da kansa. In cinyoyi suka yi masa nauyi wajen tasowa daga sujada, a koma wa likita ya rage ƙarfinta ko ya sauya masa wata.