Darasi na 9: Mai Ciwon Suga Ba Ya Fushi da Tuwo

Maigida ya dawo daga kasuwa ransa a ɓace. Wanda yake bi bashi ya sake ce masa sai mako mai zuwa. Ya yi allurar insulin kamar kullum, ya zauna a kan tabarma. Uwargida ta kawo tuwon dawa da miyar kuka.

"Malam, ga abinci."

"Ɗauke. Ba na ci."

"Haba Malam, ka fa yi allura."

"Na ce ki ɗauke! Yaushe kika zama likita?"

Ya shuri takalmi ya tafi majalisa. Wani ya ce masa, "Ka yi daidai, gara ta san kai ne maigida." Kafin kiran isha'i gumi ya jiƙe masa riga, hannunsa na karkarwa, harshensa ya yi nauyi. Wani ya ce iska ce, a kawo turare. Allah ya sa uwargida ta biyo shi da ruwan suga a kofi. Ya sha, ya dawo hayyacinsa.

'Yan'uwa, kun riga kun san rage zaƙi, yawan tafiya da duba ƙafa kullum. Kun san damuwa takan sa hanta ta ƙara zuba suga cikin jini. Abin da ya dame ni shi ne ƙin cin abinci saboda fushi. Wanda ya yi allurar insulin ko ya sha ƙwayar glibenclamide, maganin zai yi aikinsa ko ya ci ko bai ci ba. In ciki babu komai, suga sai ya faɗi. Kada ku yi fushi da tuwo.

In rai ya ɓaci, zauna. Ja numfashi ta hanci ka ƙirga 4, ka sake shi a hankali ka ƙirga 6. Yi haka sau 10. Bar mai bashi da bashinsa, ka saurari jikinka. Akwai yunwa? Akwai gumi? Zuciya na bugawa da sauri? Faɗuwar suga ita kanta tana kawo saurin fushi. Wani lokaci ba matarka ce ta ɓata maka rai ba, jininka ne ke neman abinci.

In kana da na'urar awon suga, gwada. In ta nuna ƙasa da 70, jiƙa suga babban cokali 1 ka sha, bayan minti 15 ka sake gwadawa, sannan ka ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, asibiti ake kai shi.

Ku kuma maƙwabta masu zuga, ku ji tsoron Allah. Ranar da mai ciwon suga ya faɗi, ku ne na farkon cewa iska ce. In ba za ku ce masa ya je ya ci tuwonsa ba, ku yi shiru.

Tambayoyi
1. Me ya sa maigida ya yi gumi da karkarwa?
2. Sau nawa ake jan numfashi?
3. Rubuta a littafinka: Ba na fushi da tuwo.