Malamar Gobe, Ga Yadda Za Ki Sa Wayarki Ta Yi Miki Aiki A Aji

Ƙanwata, in kina kwalejin ilimi kuma lokacin fita koyarwar gwaji ya ƙarato, na san an cika miki kunne da zancen fasahar zamani: majigi, allon da ake taɓawa da yatsa, kwamfuta a gaban kowane yaro. Makarantar da za a tura ki kuwa, mai yiwuwa ki tarar da yara sittin a aji ɗaya, baƙin allo, alli, ba wutar lantarki. Kada gwiwarki ta yi sanyi. Wayar da ke cikin jakarki ta isa ki fara.

Ki riƙe abu ɗaya tun yanzu: malami ke koyarwa, na'ura taimaka masa take yi. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya kawo misalin ƙasar Peru, inda aka raba wa yara ƙananan kwamfutoci sama da miliyan ɗaya ba tare da an haɗa su da tsarin koyarwa ba, karatun yaran kuma bai ƙaru ba. Ga matakan da za su hana ki faɗawa wannan ramin.

1. Ki fara da darasi, na'ura ta biyo baya.
Kafin ki taɓa waya, ki rubuta jimla ɗaya: "A ƙarshen darasin nan, yara za su iya kaza." Sannan ki tambayi kanki, me waya za ta nuna wanda alli ba zai iya ba? Bugun zuciya, yadda duniya ke kewaya rana, furucin kalmomin Turanci ko Larabci, waɗannan na waya ne. Lissafin tarawa da ɗebewa kuwa, tsakuwa da murafan kwalba sun fi bidiyo. In amsar ita ce "ba komai", ki bar wayar a jaka.

2. Ki sauke komai tun da dare.
Kada ki dogara da intanet a cikin aji. Sabis zai iya ɗaukewa daidai lokacin da yara suka zuba miki ido. Ki sauke bidiyo, hoto ko sauti a gida, ki kashe data, ki kunna ki ga ko yana aiki. Ki kalle shi tun daga farko har ƙarshe, don kada wata talla ko shigar da ba ta dace ba ta ba ki kunya. Abin da kika samu mai kyau, ki tura wa abokan karatunki ta Xender, su ma su turo miki nasu.

3. Ki san inda kayan kirki suke.
Akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar a 2022. Rajista kyauta ce, akwai darussan firamare da sakandare, har da na Hausa. In kimiyya ko lissafi kike koyarwa, ki nemi PhET na Jami'ar Colorado da ke Amurka. A can yaro zai haɗa batir da wayar wuta da ƙwan fitila a fuskar na'ura, ya ga ya kama. Ana sauke su ɗaya-ɗaya kyauta daga shafinsu, su yi aiki ba data. Manhajar Kiwix kuma tana ajiye miki Wikipedia a waya. Ki zaɓi ɗaya ki ƙware a kanta, ya fi ki tara goma ba ki san ko ɗaya ba.

4. Waya ɗaya, yara da yawa: ki yi dabara.
Na bayan aji ba za su ga fuskar waya ba, amma kowa zai ji sauti. Ƙaramar sifika mai haɗuwa da waya ta Bluetooth ita ce sayayya ta farko da za ki yi. Ki naɗi karatun labari da muryarki, ko hira da wani manomi ko ungozoma ta unguwa kan darasin da kike yi, ki kunna musu. In hoto ne ko bidiyo, ki kasa yaran gida-gida. Wani gida na kallo a teburinki, sauran na yin aikin da kika rubuta a allo, sai a juya. Wayar ta zauna a hannunki, kada ta yi yawo.

5. Kada kallo ya wuce minti biyar.
Darasin minti 35 ko 40 ne, ba gidan kallo kika buɗe ba. Kafin ki kunna, ki rubuta tambaya ɗaya a allo: "Me ya sa ruwan ya zama tururi?" A tsakiya ki tsayar, ki ce su faɗi abin da suke zaton zai faru. Da an gama, kowa ya rubuta ko ya zana abin da ya gani a littafinsa. Gani ya kori ji, amma sai yaro ya faɗa da bakinsa ko ya rubuta da hannunsa abu ke zama a kansa.

6. Ki tanadi shirin ko-ta-kwana.
Ki cika caji da dare, ki riƙe fawa-banki. Duk hoton da za ki nuna, ki zana irinsa a kwali. In na'ura ta ƙi, minti ɗaya kawai za ki ba ta. Ta wuce haka, ki ɗauki alli ki ci gaba. Malamin da ya zo duba ki ba zai rage miki maki don an ɗauke wuta ba, amma zai rage in kika tsaya kina ta latse-latse aji ya kaure da hayaniya.

7. Ƙirƙirarriyar basira: ki sa ta aiki, ki binciki aikinta.
ChatGPT da Meta AI za su iya tsara miki tambayoyin gwaji ko su ba ki misalai cikin daƙiƙa kaɗan. Suna kuma yin kuskure cikin gadara, musamman a tarihin ƙasarmu da rubutun Hausa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: ki karanta babin da kanki tukuna, sannan ki gwada abin da suka ba ki da littafin aji da manhajar karatu ta hukumar NERDC. Tsarin darasinki ki rubuta shi da hannunki, domin ke kika san yaranki. Ki kuma saka Hausa a Gboard don ki samu ɓ, ɗ da ƙ, yara su ga rubutu daidai.

8. Yara amana ne.
Ki nemi izinin shugaban makaranta kafin ki shiga da waya aji. Ki rufe sanarwar saƙonni, ki ware kayan darasi daban da hotunanki na gida. Kada ki ɗora hoto ko bidiyon yaran mutane a TikTok ko Facebook. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko mai riƙo ake amfani da bayanan yaro. In za a buɗe zauren WhatsApp, na iyaye ne da malamai, da sanin hukumar makaranta. Kada kuma ki ba da aikin gida da sai mai waya zai iya yi, don ba kowane gida ke da ita ba.

9. Ki kai hannunsu kan kwamfuta.
Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, WAEC ma ta fara a 2024 da masu zana jarrabawa masu zaman kansu. Ke kanki, jarrabawar ƙwarewa ta TRCN a kwamfuta za ki zauna ta. In makarantar na da ɗakin kwamfuta a kulle, ki nemi mai makulli cikin ladabi, ki roƙi awa ɗaya a mako. In babu, ki zana allon haruffa a kwali su san mazaunin kowane harafi. Ki sa ido kan layi, domin maza kan rigayi 'yan mata zama a kujera. Ki yi rajista, kowa ya samu nasa lokacin.

10. Ki auna sakamako.
Tafi da shewa ba su ne shaidar fahimta ba. A ƙarshen darasi ki yi tambayoyi uku gajeru, kowa ya amsa a takarda. Bayan mako ɗaya ki sake yin su. In yaran sun riƙe, ki ajiye wannan bidiyon don baɗi. In ba su riƙe ba, ki goge shi, ki canza hanya.

Aikinki na gobe da safe kaɗan ne. Ki ɗauki darasi ɗaya daga cikin waɗanda za ki koyar. Ki rubuta manufarsa a jimla ɗaya. Ki sauke abu ɗaya da bai wuce minti biyar ba, ki shirya tambaya ɗaya ta farko da uku na ƙarshe, ki zana kwalinki. Sannan ki tara ƙannenki ko ƙawayenki na ɗaki ki gwada a gabansu, agogo na hannunki. Kada ki jira a kawo majigi, ƙanwata. Yaran da za a damƙa miki suna buƙatar malamar da ta shirya, ki zama ita. Allah Ya ba da sa'a.