Ingancin Injin Dizal na Zamani a Motocin Haya: Nazarin Dalilan Saurin Lalacewa

Tsakure

Muƙalar ta duba dalilin da ya sa direbobi da makanikai ke ganin tsohon injin dizal ya fi na zamani ƙarko. An gano cewa ƙarkon sabon inji ya rataya ne a kan tsabtar mai da irin tafiyar da motar ke yi.

1.0 Gabatarwa

Mai motar haya da ita yake ci da iyalinsa, don haka kwana ɗaya a gareji asara ce. Tsofaffin injunan Toyota Hiace sun yi suna wajen juriya saboda famfonsu ba ya buƙatar kwamfuta, kuma makaniken tasha na iya kwance shi ya ɗaure.

2.0 Sauyin Fasali

Tun daga 1997 aka fara sayar da motoci masu bututun mai guda da ke ciyar da dukkan nozul ƙarƙashin matsi mai tsanani, kwamfuta na auna kowane feshi. Dokar hayaƙi ta Tarayyar Turai ta 2009 kuma ta sa kamfanoni saka matatar baƙin hayaƙi a salansa. An sami sauƙin shan mai da raguwar gurɓata iska, amma sassan da ke iya lalacewa sun ƙaru.

3.0 Musabbabin Matsala

Matatar tana buƙatar zafi kusan digiri 600 kafin ta ƙone abin da ta tara. Motar da ke tsaye-tsaye cikin gari ba ta kai wannan zafi, sai matatar ta toshe, ƙarfin inji ya ragu. Ramukan nozul kuwa ƙanana ne ƙwarai, ɗan ruwa ko ƙura a cikin mai ya isa ya kashe su.

Akwai kuma farar wuta. An ƙera injunan ne don man Turai, wanda farar wutarsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Rahoton ƙungiyar Public Eye na 2016 ya nuna cewa man da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma ya ninka wannan adadi sau ɗaruruwa. A 2020 ne ECOWAS ta amince da iyakar kashi 50.

4.0 Kammalawa

Sabon inji yana da ƙarko matuƙar an cika sharuɗɗansa: mai mai tsabta, sauya matatar mai da baƙin mai a kan kari, doguwar tafiya lokaci-lokaci, da makaniken da ya iya karanta na'urar gano matsala. Inda waɗannan suka yi ƙaranci, fifikon da direbobi ke ba tsohon inji yana da hujja.