Garkuwar Burauza: Abin da Ke Hana Shafin Intanet Aiki da Yadda Ake Gyara Shi

A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, domin a yanke hulɗar 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Sai dai matakin bai tantance mugu da na kirki ba. Ɗan kasuwa da ɗalibi da mai jinya duk ya shafe su, har zuwa watan Disamba da aka fara ba da umarnin maido da layukan. Irin wannan yana faruwa kullum a cikin waya da kwamfuta, inda burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, takan toshe abu mai amfani garin toshe mai cutarwa.

Tushen Matsalar

Shafin intanet ba daga wuri guda yake fitowa ba. Rubutunsa na iya zuwa daga kwamfutar makaranta, bidiyonsa daga YouTube, akwatin biyan kuɗinsa kuma daga wani kamfani dabam. Kowane ɓangare yakan ajiye ɗan guntun bayani a wayar mutum domin ya gane shi idan ya dawo. Wannan guntun bayani shi ake kira kuki, kuma Lou Montulli na kamfanin Netscape ne ya ƙirƙiro shi a 1994. Daga baya masu talla suka mayar da shi hanyar bin sawun jama'a daga shafi zuwa shafi. Saboda haka Safari ta ƙara tsaurara taƙaita irin waɗannan kukis a 2017, Firefox kuma ta kunna wa kowa tata kariyar a 2019.

Masana ilimin halittu sun san makamancin wannan a jikin ɗan Adam. Garkuwar jiki tana yaƙar ƙwayoyin cuta, amma wani lokaci takan ɗauki gyaɗa ko ƙurar fure a matsayin abokan gaba, sai borin jini ya biyo baya. Haka burauza take yi idan ta ɗauki akwatin biyan kuɗi a matsayin ɗan leƙen asiri. Ɗalibi a Faskari zai cika fom ɗin rajista, ya danna wurin biya, sai ya ga fili fari fat, alhali ranar rufewa ta matso. Ya yi ta zargin rashin sabis, yana ƙona data a banza.

Hanyar Gyara

Da farko a tabbatar laifin ba na layi ba ne, ta hanyar buɗe wani shafin dabam. Na biyu, a karanta adireshin shafin harafi bayan harafi, domin 'yan damfara sukan kwaikwayi shafukan makarantu da na bankuna. Na uku, a Firefox ta kwamfuta a danna alamar garkuwa da ke gefen adireshi, a kashe kariyar ga wannan shafi kaɗai, sannan a sake loda shi. Na huɗu, a ba shafin izinin buɗe sabuwar taga, don ta nan rasit yakan fito. Mai amfani da Opera Mini kuwa ya kashe tsarin tsimin data mai tsanani, saboda tsarin yana matse shafi a kwamfutocin kamfanin kafin ya iso waya, kuma a nan wasu sassansa kan daina aiki.

Kammalawa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kashe kariyar gaba ɗaya don shafi guda ya buɗe, sai garin neman gira a rasa ido. Likita ba ya rushe garkuwar jiki baki ɗaya don mutum ya yi borin jini. Abin da ya tayar da borin yake nema. Don haka da zarar an gama biya, an adana rasit, sai a mayar da garkuwar yadda take, musamman a kwamfutar shagon da jama'a da yawa ke amfani da ita.