Abin da Ya Kamata a Shuka Cikin Komin Siminti

Mutane da yawa in sun yi gini sukan sa magini ya fitar musu da ɗan komi na siminti a jikin bango ko a bakin zaure, don su shuka wani abu a ciki. To, kai mai irin wannan komi, ka sani ba kamar gona yake ba. A gona saiwa takan bi ƙasa ta nemi ruwa inda yake. A komi kuwa ba ta da wurin zuwa, abin da ka zuba mata shi ne abincinta. Saboda haka kafin ka zaɓi iri sai ka fara auna zurfin komin.

In zurfinsa inci 6 ne zuwa 8, shuka lansir, ko latas, ko albasa, ko alayyafo, gama saiwarsu ba ta nisa. Latas da albasa sun fi son sanyin hunturu, alayyafo kuwa yana jure zafi. In zurfin ya kai ƙafa 1, barkono da tattasai da ɗoɗɗoya za su yi kyau. Tumatir yana son ƙafa 1 da rabi, kuma tushe guda ya ishi ƙaramin komi, in ka cusa uku duk sai su tsumbure. Na'ana'a a ba ta nata komi dabam, don takan yaɗu ta shaƙe maƙwabtanta.

Amma fa kada ka sa itace. Mangwaro da dalbejiya da ceɗiya suna ƙanana abin sha'awa ne, sai mutum ya ce bari su ɗan tasa tukuna ya cire. Ba ya cirewa. Yana nan sai saiwa ta yi kauri ta tsaga simintin, ta ratsa ƙarƙashin bango, sa'an nan ga asarar itace ga kuɗin magini. Ya kamata dagatai da masu unguwa su riƙa gargaɗin jama'arsu a kan wannan, su nuna musu fili nesa da gini inda za su dasa itatuwa.

Ka duba ko magini ya bar kafa a gindin komin inda ruwa zai fita, kuma ta fuskanci tsakar gida, ba bango ba. In babu, a huda. Ruwan da ya kwanta yakan ruɓar da saiwa, ya jiƙa ginin. Ɗora tsingaro a bakin kafar don kada ƙasa ta toshe ta. Sabon siminti yana da kaifi irin na toka mai sa ganye ya yi rawaya, sai a cika komin da ruwa a zubar sau da yawa kafin a sa ƙasa. Turɓaya kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1, ban da lakar fadama.

Komin da ke fuskantar yamma yakan ɗauki zafi ƙwarai da bazara. Nan barkono zai jure in ana ba shi ruwa safe da maraice, amma latas da na'ana'a sai gefen da inuwa ke sauka bayan azahar.